Shekarar da Na Fitar da Akwatin Malam Zaure

Da sunan Allah nake buɗe baki, shi ya ba ni harshen nan ya kuma bar mini shi har tsufa. Hauwa ce ke riƙe da biro, ni ke riƙe da magana, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini ko kalma ɗaya. Ina so ku 'ya'yana da jikokina ku ji yadda aka yi a shekarar da idon mahaifinku ya tafi, domin abin da ake faɗi a bayan idona in an taru wajen suna ko biki yana dawo mini. Wai Inna ce da taurin kanta ta hana a kai Malam Funtuwa, gidan siminti da fanka, ta bar makaho a ƙauye. E, ni na hana. Ko yau aka sake, zan sake hanawa. Amma ku ji dalili daga bakin wadda ta yi.

Ban taɓa zama a aji ba. Karatun allo, na samu iya wanda zan yi salla da shi. Baƙin boko kuwa har gobe in na dube shi kamar tururuwa ce ta zube cikin gari. Duk da haka ban san macen da ta kai ni sanin littafi a ƙasar Danja ba, kuma ba fahariya nake ba. Mahaifinku malamin gona ne. Duk sanda aiki ya kai shi Funtuwa sai ya ratse wajen masu shimfiɗa littattafai a bakin tasha. Mazan wasu na dawowa da ƙunshin tsire, nawa da littafi a aljihun riga. Ga shi bai iya karatu a zuci ba, dole sai ya ɗaga murya. Bayan la'asar sai ya zauna a tabarma, ni ina gefe ina ɓarar gyaɗa, yana karantawa ina ji. Ni kuwa jikar mai tatsuniya ce, abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Haka muka yi ta yi har akwatin ƙarfen da na zo da shi ranar aure ya cika, na kwashe zannuwana na bar wa takardu.

Tunda ban iya karanta sunayensu ba, sai na raɗa musu nawa. Akwai Cin Ɓera, akwai Marar Kai wanda bangonsa ya yage, akwai Mai Manja, wanda na zubar wa manja ina yarinya har Malam ya yini bai kula ni ba. Marubutan ma na sa musu suna. Gwanin Malam na kira shi Mai Jan Ƙafa, don mutumin nan sai ya cinye maka la'asar guda yana bayanin yadda hadari ke haɗuwa kafin ɗigo ɗaya ya sauka. Gwanata kuwa wata mata ce, Mai Barkono, wadda matan cikin labarinta ba sa haɗiye magana. A kan mutanen nan biyu da ba su san muna duniya ba, ni da mahaifinku mun yi gardamar da ba mu taɓa yi a kan cefane ba. Zaurenmu kuma ba ya rabuwa da baƙi: malaman makaranta, 'yan acaba, Garba tela, har masu sayen tumatir da ke zuwa daga nesa. Kowa da tambayarsa ɗaya:

"Malam, me kake karantawa yanzu? Ni wanne zan ɗauka?"

Sai ya dubi mutum daga sama har ƙasa ya zaro masa wanda ya dace da shi. In ya rasa, ya leƙo cikin gida ya tambaye ni. Wannan ba kowa ya sani ba.

Ciwon ya zo a hankali. Na fara lura yana kawo littafi har bakin hanci, sannan ya fara tsallake layi, ni ke tuna masa. Aka yi tabarau a Funtuwa, bai yi ba. Aka kai shi Zariya, likita ya ce jijiyar idon ce ta mutu, ba abin da za a iya. Da ya dawo bai yi kuka ba, bai yi ƙorafi ba. Ya ce wanda ya ba shi ne ya karɓa. Amma ya shiga ɗakinsa da ke jikin zaure ya juya wa bango fuska. Tuwo in na kai, haka zan ɗauko shi an ɗan taɓa gefe. In aka yi sallama sai ya ce a ce barci yake. Tagar da ke tsakanin ɗakinsa da zaure ya sa aka cusa mata tsumma. Hauwa ta zo daga gidan mijinta a Malumfashi ta zauna za ta karanta masa, ya ce ta rufe ta tashi. Mutum ne da ya saba shi ke karanta wa jama'a. A zauna a karanta masa don tausayi, wannan ya fi masa makantar ciwo. Ina kallo mutumin da ke cika ƙofa ya koma kamar karan dawa.

Da ruwa ya sauka aka gama shuka, sai ga babban yayanku daga Funtuwa. Ba zan faɗi sunansa ba, ɗan fari ne, ban taɓa faɗa ba kuma ba a takarda zan fara ba. Ya zo da shawararsa a ɗaure: ni da Malam mu koma gidansa, gona a bar wa baffanku Haruna, ƙanin Malam, littattafan kuma a ba masu tsire su naɗe nama, tunda ko warinsu ƙara masa ciwo yake. Malam daga kan gado ya ce a kwashe su, bai damu ba. Ku sani yaron nan ba mugunta ya zo da ita ba. Uba ya gani yana ƙarewa, ya kawo abin da yake da shi. Amma ni na hango abin da bai hango ba. A Funtuwa Malam ba kowa ba ne sai makahon uban Alhaji, a ɗaki mai fanka da ƙofa a rufe. A nan kuwa babu gidan da littafinsa bai kwana ba. Tun da na haifi yaron ban taɓa ɗaga ido na yi musu da shi ba, in ina da magana ta bakin wani nake aikawa. Ran nan na tsaya a tsakar gida na dube shi.

"Ba inda za a kai shi. Akwatin nan kuma nawa ne, da shi na zo gidan nan."

"Inna, so kike ya mutu a nan?"

"A can ne zai mutu, da ƙoshi da fanka."

"To wa zai karanta takardun? Ke?"

"Ni."

Na san maganar ta fita bakinsa ba da niyya ba, shi ma ya san ta soke ni. Dattawan gida suka shiga tsakani, suka yanke cewa a bar mini Malam har amfanin gona ya shigo gida. In dawa ta shiga rumbu bai tashi ba, mota za ta zo, ba sauran magana. Yayanku ya tafi bai ci tuwon da na tuƙa masa ba. Babbar Salla ta zo bai zo ba, direba ya aiko da rago. Na karɓi ragon na yi godiya, na shiga madafi na yi kukana inda hayaƙi zai rufa mini asiri. Wannan shi ne abin da hanawar ta ci mini, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

Washegarin tafiyarsa na ja akwatin da kaina har zaure. Na ajiye sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da aka san ni da ita, don ba a haɗa tuya da zaman zaure. Na aika gari cewa littattafan Malam suna nan, mai so ya zo ya ara, amma da sharaɗi ɗaya: da hannu ake ɗauka, da baki ake mayarwa. Duk wanda ya gama, zai zauna ya jingina da bangon nan mai taga, ya ba da labarin abin da ya karanta tun daga farko, sannan ya buɗe wurin da ya fi masa daɗi ya karanta da ƙarfi. Na ce musu kunnena ya yi nauyi, su ɗaga murya. Kowa ya san matar da ke jin raɗar kishiyoyin maƙwabta ta bayan katanga kunnenta lafiya lau, amma ba wanda ya tona. Matan aure kuma su shigo tsakar gida su zauna daidai ƙofar Malam su mayar da nasu. Ba don shi ake yi ba, haka na faɗa da ƙarfi. Dokar akwati ce.

Haruna ne ya fara zuwa, ba don ya ara ba, don ya tsokane ni. Ni da shi wasan ƙanin miji ne tun ranar da aka kawo ni.

"Dije matata, ashe kin zama farfesa ban sani ba? Juya littafin, kansa na ƙasa kika riƙe."

"Ko a kife na riƙe shi na fi ka sanin cikinsa, mijin wahala. Kai ban da bayan buhun taki me ka taɓa karantawa?"

Haka aka fara. Garba tela matarsa ba ta daɗe da rasuwa ba, ya zo yana neman na soyayya. Na hana shi, na ba shi Cin Ɓera, labarin wani falke matsoraci da jakinsa, na ce ya dawo in ya yi dariya. Ya dawo yana ba da labari yana share hawayen dariya da hular kansa. Wani ɗan acaba ya ce shi mai faɗa da takobi yake so, na ba shi, sannan na ɗora masa wani siriri a kai na ce wannan na bayan faɗa ne. Wata malamar firamare da aka turo daga Dayi, baƙuwa ba ta san kowa ba, na haɗa ta da Mai Barkono, kafin wata ya mutu ta zama 'yar gida. Masu wayo kuma suka gwada ni. Mutum ya karanta farko da ƙarshe ya zo yana cika baki, sai in tambaye shi wa ya ɗauki fitilar a gidan makoki, ya tsaya yana susar ƙeya, zaure ya ɗauki dariya, in mayar masa da littafin ya koma. Har aka san ni da haka. Ana cewa ka yi wa alƙali ƙarya ka tsira, amma ban da Inna Dije.

Daga ɗakin Malam kuwa shiru. Masara ta yi goyo, aka karye ta, shiru. Dawa ta fitar da kai. Abu ɗaya kawai na gani: wata safiya na shiga share zaure na tarar tsumman tagar ya faɗo ƙasa. Ban mayar ba, shi ma bai ce a mayar ba. Tuwon dai har yanzu gefe ake taɓawa. Sai ga saƙo daga Funtuwa cewa an yi wa ɗakinmu fenti, an sa sabon labule. Aka fara yankan dawa a gonakin tudu. In na ga an wuce da dami a ka, sai in ƙirga kwanakin da suka rage.

A cikin wannan hali ne na matsa wa Haruna da gori har ya ɗauki littafi, kuma don girman kai ya ce sai wanda Yaya ya fi so. Na ba shi Mai Manja, na Mai Jan Ƙafa. Labarin wa da ƙani ne da suka gaji rijiya guda a tsakanin gonakinsu, fari ya zo ta ƙafe, wani attajiri ya taya filin, ƙanin ya ce a sayar, wan ya ƙi. Haruna kuwa ga yankan dawa ga renon tumatir a fadama, ina ya ga lokacin Mai Jan Ƙafa? Ranar Juma'a bayan an sauko, zaure cike, ya zo ya jingina da bango ya gyara murya. Farkon ya kawo shi daidai. Da ya iso inda attajiri ya zo, sai na ga idonsa ya fara yawo a rufin zaure.

"To daga nan dai," in ji shi, "sai wan ya ga ba riba. Suka sayar da filin da rijiyar duka, suka sayi tirela, suka nufi Ikko. Ƙanin ya zama direba, wan yana karɓar kuɗi. Har suka ƙara aure."

Na buɗe baki zan yage shi. Maganar har ta hau harshena. Sai na ji gadon ƙarfen Malam ya yi ƙara ta taga, irin ƙarar da yake yi in mutum ya tashi zaune da sauri. Na rufe bakina. 'Ya'yana, na haihu ba ungozoma, na yi jinyar uwata, amma ban taɓa yin abin da ya kai wannan wuya ba: a kashe labari a gabana ina zaune. Garba tela, wanda ya taɓa karanta littafin, ya juyo yana dubana baki buɗe.

"Inna, haka ne kuwa?"

"Haka ne mana," na ce, na ɗaga murya yadda za ta tsallake taga. "Ai na sha faɗa, mutumin nan bai iya ƙarasa labari ba. Ya ja ka ya ja ka, ƙarshe ya zubar da kai a tirela. Wanda ke son littafi ya zo in ba shi Mai Barkono."

Aka fara 'yan dariya ƙasa-ƙasa. Na ji wani a bakin ƙofa yana cewa yau dai tsufa ya kama Inna. Na haɗiye. Sai ƙofar ɗaki ta yi ƙara. Hannu ya fara fitowa yana lalube bango, sannan mutumin, hula a karkace, riga na lilo a jikinsa. Wasu suka zabura za su kama shi, na yi musu alama da hannu su zauna.

"Wane maƙaryaci ne ke magana a zaurena?"

"Yaya, ni ne, Haruna."

"Tirela! A wane shafi ka ga tirela? Ba su sayar ba! Wan ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga rijiyar da kansa yana yasa, ƙanin da ya ce a sayar shi ne ya riƙe masa igiyar a sama har tafin hannunsa ya tsage. Duk littafin a kan igiyar nan aka rubuta shi, kai kuma ka kai su Ikko! Ba ni littafin nan."

Aka miƙa masa. Ya shafa bangon har yatsansa ya sami tabon manjan, ya tsaya a kai. Sannan ya lalubi tabarma ya zauna a wurinsa na da, kamar jiya ya tashi. Ya miƙa wa Garba tela ya ce ya buɗe kusa da ƙarshe ya karanta, kuma kada ya yi gudu, mutumin nan ba a karanta shi da gudu. Garba na karantawa Malam na riga shi da baki. Da aka kai inda ruwa ya tsattsafo a ƙarƙashin ƙafar wan, babu wanda ya yi tari a zauren nan. Aka gama, ya juyo daidai inda nake, kamar yana gani.

"Ke kuma Dije, kin sani sarai."

"Na manta, Malam. Tsufa."

"Ke? Ki manta? Akwai sauran tuwo?"

Na tashi na shige gida da sauri don kada maza su ga fuskata. Ran nan ya cinye malmala biyu ya nemi fura. Haruna kuwa har ya koma ga Allah yana cewa da gangan ya yi, shi ya tashi Yaya. Allah ya jiƙansa, ƙarya yake, bai karanta ba.

Da dawa ta shiga rumbu mota ta zo kamar yadda aka yanke. Yayanku ya yi sallama ya tarar da zaure ba wurin sa ƙafa, ubansa a tsakiya yana gardama da malamar Dayi a kan wani sabon marubuci da ta kawo. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa. Sannan ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi. Malam ya kama hannunsa ya ce:

"Alhaji, me kake karantawa yanzu?"

"Baba, aiki ya yi yawa."

"Dije, me za a ba shi?"

Ban dubi yaron ba, kunya ta dawo wurinta. Na sa hannu a akwati na zaro Mai Barkono na ajiye a gabansa. Malam ya ji ƙarar takardar ya gane, ya ce sam, ɗansa ba zai fara da wannan ba, a ba shi Mai Manja. Aka ba shi duka biyun. Garba tela ya gaya masa doka, da hannu ake ɗauka da baki ake mayarwa, kuma Inna ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Yayanku ya yi dariya. Ya shigo cikin gida ya zauna a bakin madafi, ya ce ko akwai tuwo. Na zuba masa. Motar ta koma Funtuwa da buhun dawa da littafi biyu.

Idon mahaifinku bai dawo ba, kada wani ya ƙara wa labarin abin da babu. Amma ya yi shekaru masu yawa bayan nan a zaurensa, ana karanta masa yana zaɓa wa mutane, kuma daga wurin nan aka ɗauke shi. Har ya tafi bai yarda gwanata ta fi gwaninsa ba, ni ma ban yarda ba. Yanzu Hauwa kan karanta mini sababbi daga waya in ta zo. Akwai wata yarinya a cikinsu mai hannu, sai dai tana saurin kashe mutane, na sa mata Mai Makara. In kuna son shawarata, mai baƙin ciki ya fara da Cin Ɓera, mai shirin aure ya ɗauki Mai Barkono, mace ko namiji. Wanda ya yi faɗa da ɗan'uwansa kuwa, ya ɗauki Mai Manja. Hauwa, rubuta wannan da kyau, amma ban ce ya fi ba.

Akwatin yana zaure, kuma nan zai zauna ko bayan raina. Duk wanda ya zo gaishe ni cikinku, kada ya tsaya a kan ina gajiya da ya jiki. Ya zo da labari a bakinsa, ya jingina da bango, ya ɗaga murya. Wanda kuma ya yi niyyar karanta farko da ƙarshe ya zo ya rufe ni, ya tambayi babban yayanku yadda aka yi da shi ranar da ya dawo da Mai Barkono.